Ni ɗan mai algaita ne, saksofon nake busawa

An haife ni a cikin birnin Zariya a 1968, a gidan da busa ta zama gado. Mahaifina mai algaita ne, kakana ma haka. Wani hakimi suke yi wa busa, duk inda ya nufa suna gabansa, ranar hawan Sallah kuwa tun da asuba ake fiddo riguna da rawuna. A unguwarmu ba a kiran gidanmu da sunan Baba, gidan maroƙa ake cewa. Mutane suna son busar, maza na liƙi, mata na guɗa, amma da zarar maganar aure ta taso, ko ta zaman majalisa, sai a tuna mana matsayinmu. Da wannan ƙullin na tashi a zuciyata, kuma sai da na haura shekara arba'in kafin ya warware. Wanda ya zama sanadi mutum ne da ban taɓa ko gaisawa da shi ba, wani baƙar fatar Amurka mai busa saksofon, marigayi Yusef Lateef. Ina rubuta wannan ne don in ba da shaida a kansa, da kuma saboda samarin da suke zuwa koyo wurina suna waige-waige kada wani ya gan su.

Ina ɗan shekara bakwai ko takwas Baba ya fara koya mini numfashi. Bai ba ni algaita ba. Ƙwarya ya cika da ruwa, ya tsinko sandar ganyen gwanda, wadda cikinta rami ne, ya ce in tsoma bakinta a ruwa in hura. Sharaɗi ɗaya ne: kada kumfar ta tsaya. Idan iska ta kusa ƙare mini sai in tara ta a kumatu, in matsa ta waje da kumatun kaɗai, a daidai lokacin hanci yana jan sabuwa. Yana zaune a kan buzu yana gyaran bakin algaitarsa, ba ya ko kallona, kunnensa ne a kan ruwan. Da kumfa ta yanke sai ya ce, "Kai yaro, sake." Na sha ƙwarewa, ruwa ya sha bin hancina, Inna ta sha leƙowa daga madafi tana cewa, "Malam, a bar shi ya huta mana." Ranar da na iya, bai ce mini komai ba. Da daddare ya miƙo mini tsohuwar algaitar kakana.

A wajensa na koyi take. Kowane basarake da nasa, kuma mai algaita ba ya busa shi iri ɗaya sau biyu. Yakan fara da taken yadda kowa ya san shi, har jama'a su gane wanda ake nufi, sannan ya shiga yi masa ado, ya ja nan, ya karya can, ya yi nisa kamar ya ɓata, ganguna na riƙe masa hanya, sai kuma ya dawo. Ban san cewa wannan ilimi ne ba. Babu wanda ya taɓa kiransa ilimi a gabana. A makaranta ɓoye sana'ar gidanmu nake yi, in an tambaye ni sai in ce Baba manomi ne, don dai yana noman.

Ina sakandare wata magana ta shigo zaurenmu. Wani Bafulatani abokin Baba, wanda yake kawo mana nono daga rugarsu, ya ce akwai wani baƙon Ba'amurke a jami'a, baƙi ne kamar mu, Musulmi, ba abin da yake tambaya sai sarewa. Dattawan zaure suka yi mamaki, wani ya ce me mutum zai samu a abin da yaro mai kiwo yake busa wa shanu. Daga nan hira ta koma kan farashin taki. Ni ma na manta.

A 1987 na tafi Kaduna wurin kawuna, aka samo mini aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri. Wanda bai ga Kaduna ta wancan lokaci ba zai yi wuya ya yarda. Dubban ma'aikata ke fitowa in an tashi, ƙarshen wata kuɗi na yawo, kowane babban otal yana da makaɗansa. Muna ganin Bala Miller da ƙungiyarsa a talabijin, jinin Zazzau yana haɗa kayan busar Turawa da waƙar Hausa, kaset ɗin Fela da na Manu Dibango kuwa suna kowane shago. Kusa da ɗakinmu akwai wani dattijo ɗan Kudancin Kaduna, tsohon ɗan badujalar soja, wanda yake da ƙungiyar kiɗa. Maigida muke ce masa. Kullum da la'asar nakan tsaya bakin tagarsa ina sauraro, har ran nan ya kira ni ciki ya ce in gwada.

Saksofon alto ne, tagullarsa ta dushe, an ɗaure maɓalli biyu da roba. Ya nuna mini yadda ake jiƙa ɗan siririn goran nan da muke kira rid, a ɗaura shi a bakin, a naɗe leɓen ƙasa bisa haƙora. Na hura, ƙara ta fito, na riƙe ta. Na ci gaba da riƙewa, ina shan iska ta hanci yadda na saba. Maigida ya ajiye kofin shayinsa ya tsura mini ido, can ya ce, "Ɗana, ɗan gidan wa ne kai?" Na sunkuyar da kai na faɗa masa gaskiya. Ya ce, "To ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Abin da ka yi yanzu, na yi shekaru ina nema ban samu ba."

Shi ya koya mini karatun kiɗa a takarda, shi ya gaya mini cewa wani mutumin Beljiyam, Adolphe Sax, ya ƙera wannan abin busa, ya yi masa rajista a Faransa a 1846, da nufin badujalar soja, kuma baƙaƙen Amurka ne suka ɗauke shi suka ba shi murya. Ya koya mini yadda jaz, kiɗan nan na baƙaƙen Amurka, yake tafiya: a fara da jigon waƙa kowa ya ji, sannan kowane mai busa ya karɓa ya faɗi nasa a kan zagayen, ganga da babban garaya suna riƙe ƙasa, a ƙarshe a komo kan jigo. Na ce masa, "Maigida, ai haka Baba yake yi da take." Ya yi murmushi ya ce in ci gaba da aiki.

Bayan wani lokaci na sayi nawa saksofon, tena, wato wanda ya fi alto girma da kaurin murya, ɗan gwanjo ƙirar Yamaha, na bar masaƙa. Mai riƙe da saksofon a Arewa yana da abokin gaba da littattafan Turawa ba su san shi ba, wato hunturu. Iska na bushewa sai fatun da ke ƙarƙashin maɓallai su ƙanƙance, iska ta riƙa zurarewa, ƙananan muryoyi su ƙi fita. Rid kuwa ka jiƙa shi, kafin ka gama gaisawa ya bushe ya lanƙwashe. Daga Legas ake kawo mana su, don haka guda ɗaya sai mu yi ta kankare shi da reza har sai ya ƙi. Na koyi zura ɗan ƙwan fitila cikin cikinsa a ɗaki mai duhu, duk maɓallin da haske ya leƙo ta gefensa, nan ciwon yake. Na koyi yanka fata in cusa, in ɗumama da kyandir ta kama. Har yau babu mai gyara mini sai ni.

Kiɗan ya ba ni daɗin da ban iya kwatantawa, amma wurin da ake yin sa ya hana ni sakat. Yawancin aikinmu a otal ne da kulob, daga goma na dare zuwa asuba. Ban taɓa shan giya ba, amma warinta na bin rigata har gida. Nakan yi sallar Isha'i a bayan ɗakin janareta, a kan kwali. Akwai dare da nake busa abin da ya fito daga can cikin raina, na buɗe ido na ga babu mai sauraro, wani yana amai a gefen dandamali, wasu na cacar baki a kan mace. Na nemi auren wata yarinya a Tudun Wada, magana ta yi nisa, sai wan mahaifinta ya aiko wa kawuna cewa ba sa ba maroƙi, balle maroƙin otal. Baba kuwa bai taɓa zagina ba. Abin da ya ce kawai, ran da na je gida da akwatin saksofon, shi ne, "Mu sarakuna muke yi wa busa. Kai wa kake yi wa?" Ban sami amsa ba.

Rikicin Kaduna na Fabrairun 2000 ya raba ƙungiyarmu kamar yadda ya raba garin. Kiristocinmu suka koma kudu da kogi, mu Musulmi muka koma arewa, tsallaka gada da dare ya zama abin tsoro. Masaƙu suka shiga rufewa ɗaya bayan ɗaya, masu albashin da ke cika wuraren kiɗa suka watse. Sannan ga piyano ta zo: yaro ɗaya da ƙaramar Yamaha a situdiyo yana fitar da ganga da sarewa da algaita duk da yatsunsa, masu fim da masu biki suka koma can don ya fi araha. Maigida ya koma ƙauyensu, can ya rasu. Na komo Zariya, na tura akwatin ƙarƙashin gado, na buɗe shagon gyaran rediyo da kaset a Sabon Gari. Na yi aure, Allah ya ba ni 'ya'ya. Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa, aka raba gado, algaitunsa babu wanda ya nema.

Wajen 2010 wani tsohon malamin jami'a mai ritaya daga Samaru ya kawo mini gyaran na'urarsa ta faifai. Da na gama sai na sa faifan da ya bari a ciki don gwaji. Abin da ya fito ya sa na zauna. Kiɗan baƙaƙen Amurka ne, mai nauyi, a hankali, amma abin busar ba saksofon ba ne. Murya ce siririya mai fita ta hanci, 'yar'uwar algaita sak. Da malamin ya dawo na tambaye shi. Ya ce obo ce, wani abin busa na Turawa, mai busawar kuma Yusef Lateef, kuma ai a garin nan ya zauna shekara huɗu. Nan take maganar Bafulatanin nan ta faɗo mini.

Daga ranar na shiga neman labarinsa, a wurin malamin da kuma intanet. An haife shi ranar 9 ga Oktoba 1920 a Chattanooga ta jihar Tennessee, sunansa na yanka William Huddleston. Yana ɗan shekara biyar iyayensa suka koma Detroit, garin masana'antun motoci, inda ya tashi cikin samarin da daga baya suka zama manyan jaz, irin su Milt Jackson da Kenny Burrell da Tommy Flanagan. A 1949 yana busa tena a babbar ƙungiyar Dizzy Gillespie, wanda a lokacin ba ƙaramin matsayi ba ne. A daidai wannan tsakani ya karɓi Musulunci ta hannun jama'ar Ahmadiyya, kamar yadda Art Blakey da Ahmad Jamal da wasu makaɗan jaz suka yi, ya ɗauki sunan Yusef Lateef. Na san saɓanin da ke tsakanin malamanmu da wannan jama'a, na kuma san saɓaninsu a kan kiɗa kansa. Ni ba malami ba ne, hukuncin bawa yana wurin Ubangijinsa. Abin da nake ba da shaida a kai shi ne yadda ya riƙe sana'a.

A 1950 ya koma Detroit ya shiga Jami'ar Wayne yana karatun tsara kiɗa da busa sarewar Turawa. Tun a shekarun 1950 ya fara shigo da kayan busar Larabawa da na Indiya da na Sin cikin jaz, tun kafin abin ya zama yayi. Ya koma New York a 1960, ya yi aiki da Charles Mingus da kuma Babatunde Olatunji, makaɗin gangar nan ɗan Najeriya, sannan ya zauna a ƙungiyar Cannonball Adderley daga 1962 zuwa 1964. Duk da suna da yawon duniya bai bar aji ba: digiri na farko a 1969 da na biyu a 1970 daga makarantar kiɗa ta Manhattan, sai digirin dakta a fannin ilimi a 1975 daga Jami'ar Massachusetts, inda ya rubuta kundinsa a kan tsarin ilimin Yamma da na Musulunci. Sunan jaz ma bai yarda a liƙa wa kiɗansa ba, don yana ganin akwai raini a cikinsa.

Abu biyu ne suka tsaya mini a rai, kuma su ne dalilin wannan rubutu.

Na farko, a 1980 ya yanke cewa ba zai ƙara busa a wurin da ake sayar da giya ba. Sai wanda ya ci abinci da wannan sana'a zai san nauyin maganar. Jaz a kulob ya girma, a kulob ake biyan kuɗi, a kulob ake ganin mutum a kira shi wani aiki. Mutum ya ce ya bar kulob, ya rufe wa kansa ƙofar da ta fi kowace faɗi. Shi ya rufe ta, ya koma zauren taro da jami'a da situdiyo, kuma busarsa ba ta mutu ba. Ya ci kyautar Grammy da faifan da ya fitar a 1987, wanda shi kaɗai ya kaɗa duk kayan da ke ciki. A 1992 ya kafa kamfaninsa na faifai don kada wani ya gindaya masa sharaɗi. A 2010 Amurka ta ba shi lambar girma mafi daraja da take ba masu jaz. Ni da na ɗauka hanya biyu ce kawai, ko otal ko ƙarƙashin gado, sai ga mutum ya nuna akwai ta uku, kuma ya bi ta fiye da shekara talatin.

Na biyu shi ne Zariya. Daga Agustan 1981 zuwa Agustan 1985 babban mai bincike ne a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, kuma abin da ya sa a gaba shi ne sarewar Fulani. A duba wannan da kyau. Mutum ne mai shekara 60, da digirin dakta, wanda ya tsaya dandamali ɗaya da Gillespie, ya kwaso iyalinsa ya tsallako teku don ya koyi abin da dattawan zaurenmu suka ce na yaro mai kiwo ne. A 1983 ya ɗauki faifai a Legas tare da makaɗan ganguna 'yan ƙasar nan, wani faifan nasa na lokacin ma sunan Hausa gare shi, Hikima. Shi da Ziky Kofoworola suka rubuta littafi a kan kiɗa da wasannin Hausawa, wanda ya fito a 1987. A shekarun da nake cewa Baba manomi ne don kunya, ga wani a Samaru, tafiyar mota ɗaya daga gidanmu, yana rubuta irin sana'ar Baba a matsayin ilimi. Da na fahimci haka na yi kuka a shago, ba don shi ba, don Baba, wanda ya mutu ba a taɓa zama a gabansa da takarda an ce, Malam, koya mana ba.

A makon na jawo akwatin. Fatun duk sun lalace, na canza su ɗaya bayan ɗaya. Na je wurin yayana na ce, "Yaya, ina algaitun Baba?" Suna rataye a rumbu, gara ta taɓa ɗaya, biyu na nan lafiya. Na fara ɗaukar taken da Baba ya koya mini ina sa su a bakin tena. Ba duka suke shiga ba, domin akwai muryoyin algaita da ke faɗawa tsakanin maɓallai biyu, sai ka sassauta leɓe ko ka rufe rabin rami kafin ka same su. Malamin Samaru ya ba ni kwafin littafin da Lateef ya fitar a 1981, wanda ya tara tsanin muryoyi na al'ummu daban-daban, na ga shi ma irin wannan neman ya yi ta yi.

Na ɗauki sharaɗinsa ya zama nawa. Ba na busa inda ake shan giya, ko nawa za a biya. Aiki ya ragu ƙwarai, ba zan ɓoye ba, shagon ne yake ciyar da gidana. Amma ina busa a taron yaye ɗalibai, da bukukuwan al'adu, da walimar da aka san mutuncin mai busa, kuma 'ya'yana suna zuwa su zauna a gaba. Babbar 'yata, da aka tambaye ta sana'ar mahaifinta a makaranta, ta ce mai busa ne, ɗan mai busa. Ita ta zo ta gaya mini da bakinta.

Yusef Lateef ya rasu ranar 23 ga Disamba 2013 a gidansa da ke Shutesbury a jihar Massachusetts, yana da shekara 93, kuma har kusan ƙarshen ransa yana busa. Jaridun duniya sun ba da labarin, suna ambaton Zariya a ciki. A nan garin kuwa, in ka cire tsofaffin malaman jami'a, da wuya ka sami wanda ya san sunan. Wannan yana ci mini rai, amma abin da ya fi ci mini rai shi ne tsofaffin masu algaita da kakaki da sarewa da suke tafiya ɗaya bayan ɗaya da abin da ke kansu, 'ya'yansu sun kama acaba saboda gudun a ce musu maroƙa. Piyano tana iya kwaikwayon muryar algaita, amma ba ta san taken kowa ba.

Yanzu ina da almajirai a bayan shago, Musulmi da Kirista, ciki har da wani jikan Maigida da mahaifinsa ya turo mini daga Kafanchan. Duk wanda ya zo don saksofon, sai ya fara da ƙwarya da sandar gwanda, sannan sarewa, sannan take uku na algaita, kafin in bar shi ya taɓa tagulla. Wasu sukan gaji su tafi, ba na hana su. Ranar Juma'a da yamma kuma nakan ɗauki waya in bi tsofaffin mabusa gidajensu, in gaishe su yadda ya kamata, in ba da goro, in roƙe su su busa in ɗauka, su faɗi sunan kowane take da wanda ake yi wa shi da wanda ya koya musu. Akwai wani tsoho mai sarewa a wajen Giwa da ya daɗe yana ƙi, yana cewa haƙoransa sun zube, iska ba ta tsaya masa. Ɗansa ya aiko mini cewa ya amince, in zo bayan an gama girbi, in taho da yaran su ji.